Ejan ya ce zai samo min bizar hutu da aiki ta Ostireliya, in biya shi?

Wani matashi ya aiko min da tambaya kamar haka: "Shekarata 24, na gama digiri da bautar ƙasa, ina zaune a Kano babu aikin yi. Kullum ina ganin bidiyon samari da 'yan mata a TikTok suna tsinkar 'ya'yan itace a Ostireliya, suna cewa da bizar Working Holiday suka je, suna aiki suna yawon buɗe ido. Wani ejan ya ce zai yi min ita a kan naira miliyan huɗu, rabi kafin alƙalami. Yayata ta yarda za ta sayar da gwal ɗinta ta ba ni. Shin abin gaskiya ne?"

Ƙanena, ka je ka ce wa Yaya ta mayar da gwal ɗinta cikin akwati. Bizar gaskiya ce, kuma yaran da kake gani a bidiyo ba ƙarya suke yi ba. Amma mai fasfon Najeriya ba ya samun ta, haka mai fasfon Nijar, da Ghana, da Kamaru, da Chadi, da Sudan. Ba kuɗi ke hanawa ba, ba kuma rashin hanya ba. Ko miliyan arba'in ka bayar, shafin da ake cike takardar ba zai karɓe ka ba da zarar ka zaɓi ƙasarka. Na daɗe ina taya matasa duba takardun tafiya, kuma wannan tambayar ta fi kowace yawan zuwa min a 'yan shekarun nan, don haka bari in zauna in warware maka ita sosai.

Asalin abin yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da gwamnati, irin ta ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Ƙasa ta ce wa 'yar'uwarta: ki bar matasana su zo wurinki su yi shekara guda, su zaga su ga gari, su yi ƙananan ayyuka don su ciyar da kansu, ni ma in bar naki su zo haka. Ostireliya ta fara wannan tsari a 1975 da Birtaniya da Ayilan da Kanada. A 1980 ta ƙulla irinsa da Japan. Daga nan abin ya yi ta faɗaɗa. Yanzu biza iri biyu gare ta. Akwai mai lamba 417, ta ƙasashe da yankuna 19, akasarinsu na Turai, sai Kanada, Japan, Koriya ta Kudu, Taiwan da Hong Kong. Akwai kuma mai lamba 462, wadda ta fi tsauri, ana neman shaidar karatu da ta jin Turanci ga ƙasashe da dama, kuma yawancinsu an ƙayyade musu adadin mutanen da za su shiga a shekara. A cikinta ne ake samun Amurka, Sin, Indunusiya, Malesiya, Turkiyya, Ajantina, Barazil da wasunsu. Indiya da duk girmanta sai a 2024 ta shiga, da gurbi 1,000 kacal a shekara, kuma ƙuri'a ake jefawa saboda yawan masu nema. Ka duba jerin biyu daga sama har ƙasa, babu ƙasar Afirka ko ɗaya, har da Afirka ta Kudu.

Haka zancen yake a Birtaniya. Tsarinta na matasa, wanda ke ba da shekara biyu, na 'yan Ostireliya ne da New Zealand da Kanada da Japan da Koriya ta Kudu da wasu 'yan tsiraru, kuma sai mutum ya nuna fam 2,530 a asusunsa. Kanada ma tana da nata, shi ma da fasfo ake shiga. Abin yana yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Ɗan Jamus mai shekara 19 da bai taɓa riƙe fartanya ba zai zauna a ɗakinsa ya cike fom a intanet, cikin 'yan kwanaki a ba shi izinin shekara, kai kuwa da ka tashi cikin noma kana da digiri ko ƙofar ba za a buɗe maka ba. Dalilinsu a fili yake: suna ƙulla yarjejeniyar ne da ƙasashen da suke ganin matasansu za su koma gida idan wa'adi ya cika. Ko mun yarda da wannan hukunci ko ba mu yarda ba, shi ne ke aiki a yau.

Bahaushen da zai iya nema shi ne wanda ke riƙe da fasfo na biyu. Yaranmu da aka haifa ko suka girma a Landan, ko Faris, ko Toronto, suka sami takardar zama 'yan ƙasa, su suna da dama kamar kowane Bature. Katin zama kawai bai isa ba, sai fasfo. Kuma ko su ba sa buƙatar ejan. Mutum da kansa yake buɗe asusu a shafin ma'aikatar harkokin cikin gida ta Ostireliya ya cike, kuɗin bizar daga 2023 zuwa 2025 tsakanin dalar Ostireliya 600 da 700 ne, ga gwamnati kai tsaye ake biya. Sharuɗɗan su ne shekara 18 zuwa 30, ko 35 ga wasu ƙasashe irin su Birtaniya da Kanada da Faransa da Ayilan, da kuɗin guzuri kimanin dala 5,000 ban da na tikitin komawa, kuma ba a tafiya da 'ya'ya.

To me ejan ɗinka zai yi da miliyan huɗun? Cikin uku za a yi ɗaya. Ko ya karɓi kafin alƙalami ya riƙa yi maka gobe-jibi har wata rana ka kira ka ji layi a kashe. Ko ya buga maka takardar bogi mai tambarin gwamnati, ka yi sallama da dangi, sai a filin jirgi a gaya maka babu sunanka a kwamfuta, domin bizar Ostireliya ba a manna ta a fasfo, a na'ura take. Ko kuma, wanda ya fi muni, ya nema maka bizar ziyara da takardun banki na ƙarya da wasiƙar aikin da ba ka taɓa yi ba. Bizar ziyara ba ta halatta aiki. In kuma aka gano takardun jabu ne, kai za a hukunta ba shi ba: Ostireliya tana iya rufe maka ƙofa shekara uku, in ƙaryar ta shafi ko wane ne kai har shekara goma, Birtaniya kuwa shekara goma take yi wa wanda ya yaudare ta. Sannan a fom ɗin biza na ƙasashe da yawa da za ka cike nan gaba, akwai layin da ke tambaya ko an taɓa hana ka biza.

Na taɓa zama da wani yaro da mahaifinsa a zauren gidansu bayan irin wannan ta faru. Dattijon ya sayar da filin da ya ajiye wa auren yaron. Ya ɗauko wata ambulan ruwan ƙasa daga aljihun gaba, ya zaro takardar ya miƙo min da hannu biyu, yana tambaya ko akwai ofishin da za a kai ta a gyara. Tambarin an ɗauko shi ne daga intanet, sunan ma'aikatar ma tsohon suna ne da aka daina amfani da shi. Yaron yana gefe kansa a sunkuye, jakarsa sabuwa tana jingine da bango, ko ledar hannunta ba a cire ba. Ban san da bakin da zan gaya wa dattijon nan cewa babu abin gyarawa ba. Tun daga ranar na daina sassauta murya idan aka kawo min wannan zance.

Yanzu bari in nuna maka abin da bidiyon ba ya nunawa, domin ko da ƙofar a buɗe take, gara ka san abin da ke bayanta. Bizar farko ta wata 12 ce, kuma a ƙa'ida ba a wuce wata shida wurin mai aiki ɗaya, sai a wasu fannoni da aka keɓe. Wanda ke son shekara ta biyu dole ya yi wata uku, wato kwana 88, yana aikin da gwamnati ta ayyana a yankunan karkara: gona, kiwo, kamun kifi, haƙar ma'adinai, gini. Mai son ta uku sai ya ƙara wata shida. An fito da wannan ne saboda manoma ba sa samun 'yan ƙasa masu yin aikin. 'Yan Birtaniya kaɗai aka ɗauke wa sharaɗin tun daga Yulin 2024, albarkacin yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashen biyu. Kwana 88 ɗin nan su ne ainihin labarin, su ne kuma inda ake shan wuya.

Ɗauki garin Mildura a arewa maso yammacin jihar Victoria, garin inabi da lemu a bakin kogin Murray. Lokacin zafinsu daga Disamba ne zuwa Fabrairu, daidai lokacin hunturunmu, kuma zafin kan haura digiri 40. Ƙarfe biyar na asuba motar gidan kwanan matafiya ke tsayawa a ƙofa. A ɗaki ɗaya mutum shida ko takwas ne a kan gadaje masu hawa biyu, kowa da kwanonsa da sunansa a rubuce a jikin ledar abincinsa cikin firij. Kafin rana ta fito an sauke su a bakin lambu. Mai tsinkar lemu yana rataye jakar tamfol a ƙirji, ya hau tsani ya cika ta, ya sauko ya juye a wani ƙaton akwati, ya sake hawa. Bishiyar lemu da ƙaya, don haka duk zafin nan da riga mai dogon hannu da safar hannu ake yi. Can arewa kuma, a Tully da Innisfail na jihar Queensland, ayaba ce: wani ya sare nonon, wani ya tara kafaɗa ya karɓe shi, nauyinsa kusan buhun siminti, wani ma ya fi, cikin ruwan sama da taɓo. Wanda ya taɓa dakon kaya a Dawanau ko Singa ya san irin gajiyar da nake nufi. Ƙodago ne sosai, sunan hutu kawai aka laƙaba masa.

Kuɗin fa? A takarda yana da kyau. Mafi ƙarancin albashi a Ostireliya daga Yulin 2024 zuwa Yunin 2025 dalar ƙasar 24.10 ne a awa, kuma ma'aikacin wucin gadi ana ƙara masa kashi 25 cikin ɗari. Amma shekara da shekaru aikin lambu jinga ake yin sa, a biya ka gwargwadon akwatin da ka cika, sabon shiga kuwa hannunsa bai faɗa ba, sai ya yini ya tashi da abin da bai kai rabin albashin doka ba. Hukumar kare haƙƙin ma'aikata ta ƙasar ta fitar da rahoton bincike a 2018 da ya tabbatar da yawan tauye haƙƙi a gonaki, kuma sai a Afrilun 2022 aka wajabta cewa ko jinga ake yi, abin da mutum zai samu kada ya gaza albashin awa. Daga abin da ya shigo hannu, gwamnati na cire harajin kashi 15 tun daga dalar farko. Gidan kwana na karɓar nasa duk mako, mota na karɓar nata. Ranar da aka yi ruwa ko 'ya'yan itacen ba su nuna ba, babu aiki, babu kuɗi, amma haya tana tafiya. Kuma saboda yaro yana buƙatar takardun albashi don ya tabbatar da kwanakinsa 88, ɗan kwangila marar tsoron Allah yana riƙe shi da wannan igiya, ba ya iya ɗaga murya. Su kansu gidajen kwanan ba duka ke da aminci ba. A Yunin 2000 gobarar da wani ya tayar a wani irin wannan gida a garin Childers ta kashe matasa 15, yawancinsu baƙi masu tsinkar 'ya'yan itace.

Ba ina cewa babu alheri a ciki ba. Akwai masu dacewa da manomi nagari, su tara abin kirki, su sayi tsohuwar mota su zaga ƙasar, su koma gida da harshe da wayewa da abokai daga ko'ina. Don haka aka yi ta, kuma wanda ya tafi da wannan niyya yakan dawo da farin ciki. Wanda ya ɗauke ta hanyar fita daga talauci shi ne ke dawowa da takaici. In kana da ɗan'uwa mai fasfon waje da ke shirin zuwa, ka gaya masa ya yi tunanin addininsa tun daga gida. Inabin da ake tsinka wani na ci ne, wani na giya. Aikin da ya fi sauƙin samu a birni shi ne na mashaya da gidajen abinci. Ɗakunan kwana da yawa maza da mata a haɗe suke sai ka nemi na daban. A Sydney da Melbourne masallatai da naman halal ba wuya, amma a ƙauyen gona yana iya yin wata uku bai ji kiran salla ba.

Mu dawo kanka. Abin da kake nema, in na fahimce ka, shi ne ka fita ka ga duniya, ka yi aiki da hannunka, ka dawo da wani abu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, cin rani ke nan. Kakanninmu sun yi shi zuwa Gwanja da Kumasi, 'yan'uwanmu na Tawa da Maraɗi har gobe suna yi idan an gama girbi. Kuma akwai ƙofofin da fasfonka yake buɗewa.

Wadda na fi sani, na kuma fi tura matasa, ita ce aikin sa-kai a Jamus. Suna da tsari biyu, FSJ na 'yan ƙasa da shekara 27, da BFD wanda ba shi da iyakar shekaru ta sama, kuma duka biyun suna karɓar baƙi daga kowace ƙasa. Yawanci shekara guda ake yi, a gidan kula da tsofaffi, ko asibiti, ko makarantar yara, ko wurin masu buƙata ta musamman. Ba albashi ake biya ba, kuɗin aljihu ne na 'yan ɗaruruwan yuro a wata, da inshorar lafiya, wasu wuraren har da ɗaki da abinci. Kai da kanka za ka rubuta wa ƙungiyoyin da ke ɗaukar masu sa-kai, ku yi hira ta bidiyo, in sun yarda su aiko da yarjejeniya, ka kai ofishin jakadanci. Akwai kuma shirin weltwärts na gwamnatin Jamus, wanda tun 2013 yake kawo matasa daga Afirka da Asiya da Latin Amurka ta hannun ƙungiyoyin da ke ƙawance da na can. Aikin ba na ƙyale-ƙyale ba ne. Za ka ciyar da tsohon da hannunsa ke rawa, ka canza masa zanen gado, ka tura keken wata tsohuwa zuwa lambu tana ba ka labarin da rabinsa kawai kake ganewa. Wanda ya yi jinyar kakarsa a gida ba zai ga baƙon abu ba. Ribar kuwa ita ce harshe, domin wanda ya fito da Jamusanci mai kyau yana iya neman gurbin koyon sana'a, irin su aikin jinya, inda ake koyo ana biyan mutum.

Mabuɗin duka shi ne Jamusanci. Akwai cibiyar Goethe mai koyar da Jamusanci a Legas da Akara da Yawunde, inda ake rubuta jarrabawar da ofishin jakadanci ya yarda da ita. Matakin farko, A1, mai himma yana kai shi cikin 'yan watanni, amma ina ba ka shawara ka wuce shi kafin ka nema, don masu ɗauka sun fi sakin jiki da wanda za su iya magana da shi. Ka kuma sani ba tabbas ba ne. Jami'in biza yana duba ko labarinka ya tsaya da ƙafarsa, me ya sa wannan aiki, me za ka yi da shi in ka dawo, kuma ana hana mutane da yawa. Sai dai in an hana ka a nan, abin da ka yi asara kuɗin biza ne da na mota, harshen da ka koya yana nan a bakinka.

Akwai kuma zaman renon yara a gidan wasu iyali, wanda ake kira au pair. A Jamus sai mai shekara 18 zuwa 26, da A1, aiki awa 30 a mako, kuɗin aljihu yuro 280 a wata, ɗaki da abinci a kan masu gida, ba a wuce shekara guda. Mata suka fi samu. Ga 'yar Hausa ina cewa a yi hattara ƙwarai: a yi magana da iyalin ta bidiyo sau da yawa, iyayenta su gan su, a yi zancen hijabi da salla da naman alade ƙarara kafin a sa hannu. Duk wanda ya ce zai kai yarinya aikin gida a waje amma shi zai riƙe fasfonta, ko za ta biya shi daga albashinta, a kai maganarsa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane. Ƙannenka da ke jami'a kuwa, Jamus tana barin ɗaliban ƙasashen waje su yi aikin hutu har kwana 90 a shekara, da amincewar hukumar samar da aiki ta ƙasar.

Kada kuma ka raina na kusa. Tarayyar Afirka tana da shirin matasa masu sa-kai da aka ƙaddamar a Abuja a 2010, ana tura masu digiri wata ƙasar Afirka su yi shekara guda da alawus. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga Ghana ko Senegal ko Kwaddibuwa ka yi kwana 90 ba biza. Zama da aiki na dogon lokaci yana buƙatar takardar zama, kuma a Ghana doka ta keɓe ƙananan kasuwancin sayar da kaya ɗai-ɗai ga 'yan ƙasa, abin da ya sha jawo rufe shagunan 'yan Najeriya, don haka a tafi da sana'ar hannu ko ilimi ya fi a tafi da niyyar kasa kaya. Amma a Nima ta Akara ko zangon Kumasi za ka sauka ka ji Hausa, ka sami mai masauki, abin da ɗan Jamus a Mildura ba shi da shi.

Game da ejan ɗinka, ga gwaji mai sauƙi. Ka ce ya gaya maka lambar bizar, 417 ce ko 462. Sannan ku buɗe shafin ma'aikatar harkokin cikin gida ta Ostireliya a wayarka, wanda adireshinsa ke ƙarewa da gov.au, ka ce ya nuna maka Najeriya a jerin ƙasashen. In ka riga ka ba shi wani abu, ka adana rasit da shaidar tura kuɗi da duk saƙonnin WhatsApp, kada ka goge ko ɗaya, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC. In fasfonka yana hannunsa, shi za ka fara karɓowa, yau ɗin nan. In ka yanke shawarar gwada hanyar Jamus, ka sake rubuto min bayan ka yi wata guda kana koyon harshen, mu zauna mu tsara wasiƙar neman gurbin tare.